Ranar da Aka Auna Kolo da Kara

Duk wanda ya saba cin kasuwar kifi a gabas da Haɗeja wajen shekarun 1980 ya san Kolo Mai-gura. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, don bakin mutumin nan ba ya zuwa hutu. Yana saƙar gura yana zuba, yana tuƙa jirgi yana zuba, har abokan sunsa, masu kamun kifi tare da shi, kan ce kifin da ke faɗa wa gurarsa gudun surutunsa yake yi. Gajere ne, baƙi, mai faɗin ƙirji. A duk fadamar nan babu mai saƙa gura kamarsa, dogon kwando mai matsattsen baki, tarwaɗa ta shiga ta yi ta juyi ta rasa ƙofa.

Ubansa mutumin bakin Tafkin Chadi ne. Ya biyo ruwa ya yo yamma da 'ya'yansa maza biyu, ya yada zango a Tudun Baƙo, wani ɗan ƙauye da ruwa ke yi wa ƙawanya duk damina. Bai shekara uku ba ya rasu. Lokacin Mala, babban, yana da shekara goma sha tara, Kolo yana da shida. Mala ne ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya yi masa aure da Yagana. Ya so ƙwarai ya mai da shi malami irinsa, amma Kolo da allo ba su taɓa shiri ba, da an juya baya sai a tsinto shi a bakin kogi. Mala ya gaji ya haƙura. Shi ya zama limamin gari, shi ke raɗa suna, shi ke ɗaura aure, shi ke wanke mamaci. Kolo ya zama masunci, ya haifi 'ya'ya huɗu, yana gardama da kowa har da bulama. Mutum ɗaya ne bai taɓa mayar wa magana ba. In Ya Mala ya ce kaza ne, to kaza ne.

Daminar 1988 ta zo da ruwan da tsofaffi suka ce rabonsu da irinsa tun kafin a tare kogi a Tiga. Gonakin shinkafa suka nutse, hanyoyi suka yanke, duk wani mai rai ya nemi tudu, daga ɓera da kwaɗo har masu cin ɓera da kwaɗo. Wata safiya a cikin Satumba, Kolo da abokin sunsa Hamman suka tuƙa zuwa wani ɗan tsibiri inda Kolo ya kife wata gura a gindin giyayya, yana so ya gyara mata baki. Kwana biyu tana nan a kife. Kowa ya san ba a zura hannu cikin irin wannan sai an ƙwanƙwasa ta da sanda. Amma gogan naka yana tsakiyar ba Hamman labari, kansa a waige, sai hannu ya riga ido.

Ji ya yi kamar an caka masa ƙaya biyu a bayan hannun dama. Abin ya zubo daga gurar, dogo, mai duhun jiki, ya miƙe ya baza wuya, sannan ya sulale cikin ruwa. Gamsheƙa ce. Hamman bai tsaya tambaya ba, ya yanko igiyar jirgi ya ɗaure masa dantse tamau, ya tura shi cikin jirgi ya tuƙa gida.

A Tudun Baƙo ba baƙi ba ne wajen sarar maciji, ko da yake in an sari mutum ba a ambatar sunan abin, sai dai a ce igiyar ƙasa. Kububuwa suka sani, ita ke ɗauke musu manoma kusan duk shekara, sai kuma kasa jefi-jefi. Saboda haka suna da awonsu da suka gada. A kawo farin kwano, wanda aka sara ya tofa yawu. In akwai jini a ciki, dafi ya shiga. A duba dasashi, a duba wurin sarar ko ya kumbura. In ba jini ba kumburi, an tsira.

Aka zaunar da Kolo a zauren Mala, aka kawo kwano. Ya tofa, fari tas. Aka jira, ya sake tofawa, fari tas. Hannun bai yi wani kumburin a zo a gani ba. Kolo har ya koma ba'a, yana cewa abin ya ɗanɗana shi ne ya ji ɗaci ya gudu. Abin da ke damunsa kawai igiyar Hamman, don dantsen ya yi baƙi, yana zugi har cikin ƙashi.

"Ya Mala, wannan ɗaurin ne zai kashe ni, ba igiyar ƙasa ba," in ji shi.

Mala ya ɗaga leɓen ƙanensa ya duba dasashi, ya juya hannun ya sake juyawa. "Sarar tsoro ce, bai zuba komai ba. Allah ya kiyaye." Ya sa hannu ya kwance igiyar gaba ɗaya. Kada wani ya zarge shi, tausayi ne ya sa, kuma duk wanda ke zauren nan haka zai yi.

Ba a yi rabin sa'a ba fatar idon Kolo ta fara nauyi. Ya ɗage gira, ta ƙi ɗaguwa. Ya dubi yayansa sai ya ga Mala biyu. Ya buɗe baki zai yi wasa da abin, harshe ya naɗe, maganar ta fito kamar ta mai cin tuwo da zafi. Mata suka leƙo suna cewa kada a bar shi ya yi barci. Wani ya kawo ruwa a moɗa ya ba shi, ruwan ya dawo ta hanci. Yawu ya fara dalala ta gefen baki, ya kasa haɗiyewa. A nan ne tsoro ya shige shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da jirgi ya kife da shi a tsakiyar kogi.

"Hamman, jirgi," in ji Mala, muryarsa ta sauya. "Mashaya za mu."

Mashaya garin kasuwa ne a bakin hanyar mota, nan ne ɗakin shan magani mafi kusa, tafiyar sa'a guda a ruwa. Suka kwantar da shi a cikin jirgi, kansa a cinyar Mala, don wuyan ya daina riƙe kai. Idanu suka rufe. Hannuwa suka saki, ƙafafu suka bi. Amma ga abin da ba wanda ya sani: Kolo yana nan. Yana jin ƙarar filafili a ruwa, yana jin zafin rana a goshinsa, yana jin addu'ar da Mala ke tofa masa kalma bayan kalma. Hankalinsa garau. Jikin ne kawai ya daina karɓar umarni, numfashi kuma yana ta ƙanƙancewa, kowane ja bai kai na baya ba.

Da jirgi ya daki gaɓar Mashaya, Hamman ya dira ya ruga kiran mai magani. Mala ya sa aka fito da ƙanensa aka shimfiɗe a gindin tsamiyar da ke bakin ruwa. Ya kira sunansa sau uku, shiru. Ya ɗaga hannu ya saki, ya faɗi yaraf. Ya fizgi 'yar auduga daga aljihu ya kara a hancinsa. Iskar da Kolo ke iya fitarwa a lokacin ba ta isa ta motsa ko zare ɗaya ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Kolo ya ji wannan da kunnensa. Ya ji an keta gefen rawani an ɗaure masa haɓa, ya ji an lulluɓe shi da gwado mai kauri. Sai ya ji an karyo wani abu daga danga, an shimfiɗa shi a gefensa daga kai zuwa ƙafa, an ɓalle saura. Ya san ko mene ne, don shi ma ya sha kai irinsa maƙabarta. Kara ne, an auna tsawonsa. Ya ji Mala yana ce wa wani mai ƙaramin jirgi ya ɗauki karan ya riga su isa Tudun Baƙo, a fara haƙa a kan tudu inda ruwa bai kai ba, a kuma gaya wa Yagana. Kolo ya yi ihu iya ƙarfinsa, ko leɓensa bai motsa ba. Duhu ya fara shigo masa ta gefe-gefe.

Mai maganin Mashaya wani mutumin Filato ne, Kirista, ana ce masa Saje Iliya. Tsohon soja ne, ya yi aikin jinya a lokacin yaƙin basasa, da ya ajiye kaki aka turo shi nan, ya shekara goma sha biyu yana yi wa yara allura yana wanke gyambo. Abokin ba'ar Kolo ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Da Hamman ya ce masa gamsheƙa ce, kuma ido ya rufe, bai ɗauki kwalba ko ɗaya ba. Wata baƙar jakar roba ya ciro daga akwatinsa na soja, mai kama da zugazugin maƙera, da murfin da ake kifa wa mutum a baki da hanci, ya sheƙa da gudu.

Ya durƙusa, ya yaye gwadon zuwa ƙirji, ya danna yatsu biyu a wuyan Kolo. Ya fizge ɗaurin haɓar, ya karkata kan ya share yawu da gefen rigarsa, ya ɗage haɓa, ya kifa murfin ya matsa jakar.

Iska ta shiga. Tana warin tsohuwar roba, amma Kolo bai taɓa shaƙar abin da ya kai ta daɗi ba. Ta fita, wata ta shigo. Duhun ya ja da baya.

"Hamman, ɗauki kekena," in ji Saje, bai ko ɗago ba. "Bi titi har ka sami mota, kowace iri ce. Ka ce rai ne, Haɗeja za mu."

Mala ya tsaya a kansa. "Saje, me kake yi wa gawar ɗan'uwana?"

"Bai mutu ba, Liman. Zuciyarsa tana bugawa. Kawo hannunka ka ji."

"Na wanke mamaci ya fi ɗari. Na san mutuwa in na gan ta."

"Ka san ta kububuwa," in ji Saje, yana matsawa yana saki. "Dafi ba iri ɗaya ba ne. Na kububuwa jini yake tsinkawa, shi ya sa kuke gani a yawu. Na kasa nama yake ruɓarwa. Na wannan kuwa jijiya yake bi. Kai yana aika saƙo, ɗaga ido, haɗiye yawu, ja numfashi, shi kuma dafin ya tsaya a hanya ya tare saƙon. Ba ya taɓa zuciya, ba ya taɓa kunne. Wataƙila yanzu haka yana jin mu. In na yi masa numfashi har a kai ga allurar dafi, zai tashi."

Mala ya sunkuya ya taɓa wuyan, ya janye hannu da sauri. "Zugar da kake yi ce take motsa shi. Rago ma in an yanka, namansa yana rawa."

Saje ya ɗaga fatar idon Kolo da babban yatsa. Haske ya shigo, Kolo ya ga ganyen tsamiya, ya ga gemun yayansa a jiƙe da hawaye. Ya yi ƙoƙari ya juya ƙwayar idon, ta ƙi.

"Ka gani," in ji Mala. "Ido ya kafe."

"Kolo, in kana ji na, matse hannun nan." Saje ya sa wani ya kama yatsun Kolo. Kolo ya tara duk abin da yake da shi ya aika wa hannun, saƙon bai isa ba. Mutumin ya saki hannun ya girgiza kai.

Aka kira azahar. Mala ya je ya yi salla ya dawo, jama'a kuma sun cika gindin tsamiya. Dattawan Mashaya suka zauna a gefensa, kowa da abin da yake cewa. Wani ya ce gaggauta sutura haƙƙin mamaci ne. Wani ya ce ba a taɓa ganin an mai da mutum salka ana hura shi a bainar jama'a ba. Ba don ƙin Saje suke faɗa ba, yawancinsu shi ya yi wa 'ya'yansu magani. Abin da idonsu ya nuna musu suke faɗa: ga mutum kwance ba motsi, ga limami ɗan'uwansa ya ce ya cika.

Saje kuwa ya haura hamsin, kuma aikin na hannu biyu ne, ɗaya ya riƙe murfi da haɓa, ɗaya ya matsa. Zufa ta jiƙa rigarsa. Ya sauya hannu, ya sake sauyawa. Ya roƙi jama'a wani ya karɓe shi ko na ɗan lokaci, kowa ya sunkuyar da kai. Wa zai sa hannu a abin da liman ya ce gawa ce? Kolo yana jin yadda matsawar ke raguwa, yana jin rawar da yatsun Saje suka fara a haɓarsa. Duk sanda Saje ya tsaya share yawu, ko ya ɗago don ya amsa wa wani dattijo, sai ƙirjin Kolo ya zauna wayam, yana jira.

Ya shiga bin jikinsa gaɓa-gaɓa yana neman wadda za ta amsa. Harshe, babu. Kafaɗa, babu. Gwiwa, babu. Can ƙasa, a ƙafar hagu, babban yatsa ya ɗan lanƙwasa. Ya sake gwadawa, ya sake lanƙwasawa. Murna ta kama shi har ya ji kamar zai tashi zaune. Ya motsa, ya motsa, ya motsa, yana sauraron wanda zai ce ga shi. Ba wanda ya lura. Gwadon Mala yana rufe da shi daga ƙirji har tafin ƙafa, mai kauri ne, saƙar hannu, kuma idon kowa yana kan fuskarsa.

Rana ta karkata, Hamman bai dawo ba. Mala ya miƙe ya zo ya durƙusa kusa da Saje, ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma bakinsa yana dab da kunnen Kolo.

"Ni na kwance masa ɗaurin, Saje. Da hannuna. Ni na rene shi, ni na kashe shi. Abin da ya rage in yi masa shi ne in wanke shi in rufe shi da mutunci kafin rana ta faɗi. Kada ka hana ni wannan ma."

"Liman, ka yi haƙuri."

"Ɗauke hannunka daga fuskar ƙanena."

Saje bai ɗauke ba. Sai Mala ya kama wuyan hannun da ke matsa jakar, ya riƙe gam. Iska ta tsaya.

Kolo ya ƙirga ɗaya, biyu, uku. Ƙirjinsa ya fara ƙuna. Ya yi ta kaɗa yatsan a ƙarƙashin gwado. Shida, bakwai. Ya san wannan hannun, shi ne ya riƙe shi ranar da aka binne ubansu. Kunnuwansa suka fara ƙara, muryoyin jama'a suka yi nisa.

"Ban fi ƙarfinka ba, Liman," ya ji Saje yana cewa a hankali. "In ka riƙe ni kaɗan nan gaba, maganarka za ta zama gaskiya, zai zama gawa. Ka ce ka kashe shi da safe ba ka sani ba. Wannan karon da saninka ne."

Sannan hannun ya saki, iska ta shigo da ƙarfi sau biyu a jere.

"Zuwa la'asar," in ji Mala. "In an kira la'asar, ka ba ni ɗan'uwana."

Daga nan sai ƙarar robar nan, tana matsuwa tana buɗewa. Ƙudaje suna sauka a goshin Kolo, yana jin tafiyarsu. Tunaninsa ya tafi Tudun Baƙo. Yanzu an gaya wa Yagana, yanzu mata sun cika gidan, yanzu abokansa suna can kan tudu da fartanya da karan nan a hannu. Ya kasa kunne wajen titi. Sau ɗaya ya ji kamar ƙugin mota, ashe injin niƙa ne aka tayar a cikin gari. Hannun Saje na dama ya ƙage gaba ɗaya, ya koma matse jakar a kan cinyarsa da gwiwar hannu.

Ladan ya kira la'asar.

Mala bai yi gardama da kowa ba. Ya ce a kawo tabarmar da za a naɗe shi a sa a jirgi. Saje bai daina ba. Mala ya sake keta gefen rawaninsa ya zagaya wajen ƙafafu. Aikinsa ne, ya san tsarinsa: kafin a ɗaga mamaci ana miƙe ƙafafu a haɗe manyan yatsu a ɗaure, don kada su wage a hanya. Ya yi bisimilla ya yaye gwadon.

Kolo ya ji iska a tafin ƙafarsa. Ya ji yatsun yayansa sun kama manyan yatsunsa biyu sun haɗa. Ya gaji, yatsan ma ya gaji, tun ɗazu yake aiki a banza. Ya tattara abin da ya rage masa ya tura can ƙasa.

Hannun Mala ya tsaya cak.

Tun hantsi mutumin nan yake kwance, ga ƙafa da ɗumi, ga ta da laushi, Mala kuwa ya fi kowa sanin yadda ƙafar mamaci take bayan 'yan sa'o'i. Amma ya riga ya faɗa da bakinsa cewa nama yana rawa, saboda haka bai yarda da tafin hannunsa ba.

"Kolo," ya ce, da irin muryar da yake tashinsa da ita sallar asuba yana yaro. "In kana ji na, sau biyu. Ka tsaya. Sannan sau ɗaya."

Yatsan ya lanƙwasa, ya sake lanƙwasawa. Ya tsaya. Ya lanƙwasa.

Tsumman rawanin ya faɗi ƙasa. Mala ya rarrafo da gwiwa har wajen kai, ya miƙa hannu biyu. "Saje, nuna mini."

"Ni zan riƙe murfin, kai ka matsa. A hankali, har ka ga ƙirji ya taso. Ka saki, ka ƙirga biyar, ka sake."

Mala bai ƙirga ba. Ya matsa, ya ce Subhanallahi wa bihamdihi, ya sake matsawa, awon ya zo daidai. Dattawan da ke zaune suka matso, masu ƙarfi suka jeru a bayansa suna jiran a ba su. Bai ba kowa ba.

Hamman ya iso da wata akori-kura ta fataken kifi, ya samo ta can nesa inda ruwa ya cinye titi, sai da suka zagaya ta wata hanyar shanu. Aka kwantar da Kolo a baya tsakanin kwandunan banda, Saje a kansa, Mala a gefe. Motar tana faɗawa rami tana fita, murfin yana gocewa Saje yana mayarwa, Mala yana tasbihi yana matsawa. Rana tana gab da faɗuwa suka shiga babban asibiti a Haɗeja. Aka yi masa allurar dafi, aka zura masa bututu a maƙogwaro, ma'aikata suka shiga karɓa-karɓa da jakar. Kwana ɗaya fatar ido ta ɗaga. A na biyu ya fara jan numfashi da kansa. A na huɗu ya nemi kunu, ya kuma tambayi Hamman ko wani ya ɗauko masa gurarsa daga tsibiri.

Ramin da aka haƙa aka mayar da ƙasarsa. Yagana, wadda ta riga ta zauna karɓar gaisuwa, ta yi kwana uku ba ta yarda da labarin ba sai da aka kai ta ta gan shi da idonta. Kolo ya koma ruwa kafin kaka. Ya ci gaba da saƙa, ya ci gaba da zuba, sai dai ko moɗa ya gani a kife sai ya ƙwanƙwasa ta tukuna. Labarin ya zama nasa, yana ba da shi a kasuwa yana kwaikwayon muryar Saje, har bayan Saje ya yi ritaya ya koma Filato a 1993. Yakan faɗi sarar, ya faɗi jirgi, ya faɗi karan awo, sai ya yi tsalle ya dira a kan yatsa da akori-kura. Abin da ya faru tsakanin azahar da la'asar bai taɓa fitowa daga bakinsa ba.

Mala kuwa bai ƙara zama yadda yake ba. A Tudun Baƙo aka daina kawo farin kwano, duk wanda aka sara sai jirgi. In aka kira shi wankan mamaci, sai ya sa kunne a ƙirji ya daɗe, ya kama yatsan ƙafa ya kira sunan mutumin, ya jira, har masu gawa su fara ƙosawa. Da ƙanensa kuwa sai ya zama mai kunya. Ya daina yi masa faɗa, ya daina aikensa, in sun haɗa ido shi ke fara kawar da kai. Wannan ya fi komai ci wa Kolo rai, ya gwammace faɗan.

Shekara takwas suna haka. A 1996, idon Mala ya yi rauni, ya bar limanci ga wani. Wata ranar da yamma ya sa aka kai shi bakin kogi inda Kolo ke zaune yana saƙa, ya zauna kusa da shi. 

"Kolo."

"Na'am, Ya Mala."

"Ranar nan a Mashaya. Saje ya ce dafin ba ya taɓa kunne." Ya murza carbi. "Akwai lokacin da iska ta tsaya maka. Ka san abin da ya tsayar da ita?"

Kolo bai ɗago ba. Ya zura tsinke, ya ja, ya danne da babban yatsa. Har yau in ya tuna lokacin nan ƙirjinsa yakan yi ƙuna.

"Ban ji komai ba, Ya Mala. Tun a jirgi na tafi, sai farkawa na yi na gan ni a Haɗeja."

"Amma da na ce ka motsa sau biyu, ka motsa sau biyu."

"Wannan kam na ji," in ji Kolo. "Shi kaɗai na ji. Ai ka san in ka yi magana ba na musu."

Mala ya juyo da idanunsa marasa gani sosai, ya daɗe yana kallon wajen da ƙanensa yake. Ya san ƙarya ce, Kolo ma ya san ya sani. Tsohon ya sa gefen rawani ya goge fuska, ya lalubo gurar da ke hannun Kolo ya shafa bakinta.

"Wannan bakin ya yi faɗi," ya ce. "Kifi zai fita. Shekara nawa kana saƙa, har yanzu ba ka iya ba?"

"To, Ya Mala," in ji Kolo. Bakin gurar daidai yake, amma ya warware shi ya sake saƙawa.